Shekarar da Aka 'Yanta Baba Barka

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi ne shaidata a kan abin da zan faɗa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ni ce Kulu, uwarku, kuma ba don ina jin daɗin tone-tone na zauna rubuta wannan ba. Kai Mamman, kai ka ja. Shekaranjiya ina kwance a ɗaki da ciwon gwiwar nan, kana tsakar gida kana gaya wa matarka cewa da Inna ba ta yi wauta ta ba da fadamar Marnona a kan rumbun hatsi guda ba, da yanzu ba kwa fama da jigawar Rabah kuna kallon 'ya'yan Kawu Sambo suna ɗora wa jakuna albasa. Ka ɗauka barci nake yi. Gwiwar ce ta gaza, kunnen yana nan da ransa. Na kuma san ba kai ka ƙirƙiri zancen ba, a bakin dangi ka tsince shi, don tun kuna goye ake kirana mai yar da gado. Na yi shiru shekara da shekaru saboda Sambo wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yanzu ya riga mu, ni ma ina jin ƙamshin hanya, kuma ba zan bari ku raba kayana da wannan ƙaryar a cikin kunnenku ba.

Mahaifina, kakanku, yana da gandu a gefen Marnona. A zamanin nan Sarkin Musulmi a Wurno yake yawan zama, gari cike da baƙi da dawaki, saboda haka hatsi da albasa ba sa kwantai. Masu aikin gandun su ne 'ya'yansa maza da bayinsa. Na ce bayi, ba zan sakaya ba, don abin da suke ke nan. Ana noman gandu daga safe zuwa azahar, bayan nan kowa ya nufi gayaunarsa, wato ɗan filin da aka yanka masa ya noma na kansa. A bayan gidan, kusa da turken jakai, akwai wani rumbu da ba a taɓa shi don tuwon yau da gobe, ba a taɓa shi don biki, ba a taɓa shi don baƙo. Rumbun jinya muke ce masa. Duk kaka, kowane baligi a gandun, ɗa ko bawa, zai ɗauko dami ɗaya daga gayaunarsa ya saka, mahaifina kuma ya ƙara daga na gandu. Daga nan ake sallamar wanzami in ya yi ƙaho, da ungozoma, da mai maganin ciwon shawara, da maɗori in wani ya karye. Wanda kuma tsufa ya sa ya ajiye fartanya, daga nan ake auna masa abin fura har ranar da za a kai shi makwancinsa. Mai lafiya yana sakawa yana gunaguni, don shekara goma sai ta wuce bai ci ƙwaya ɗaya ba. Amma kowa ya san ranar tasa tana tafe, shi ya sa ko a shekarar da hatsi ya yi ƙaranci ba a fasa sakawa.

A cikin masu sakawa babu wanda ya daɗe kamar Baba Barka. An kawo shi gidanmu yana saurayi, tun ba a haifi Sambo ba, daga wata ƙasa ta kudu da shi kansa ya daina ambaton sunanta. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Fadamar nan da kuke kuka a kanta, a da fako ce da ƙaya. Shi ya sare ta, shi ya haƙa rijiyoyinta, shi ya kafa jigon da ake ɗebo ruwa da shi, kuma a wuyansa nake zama in za a tsallaka da ni ruwa. Matarsa Inna Alheri ita ce kishiyar halinsa, gajera mai baki, ita ta yaye ni da kunun da har yau ban sha irinsa ba. Sun haihu, Allah bai bar musu ba. Ba su da kowa a duniya sai junansu da wancan rumbu.

Mahaifina ya rasu da damina, ina nan Rabah a gidan babanku, kai Mamman kana rarrafe. Bayan an yi girbi aka raba gado. Ni aka ba ni yankin fadama, ɗan siriri amma mai ruwa, wanda ya faɗo tsakanin yankuna biyu na Sambo. Da aka zo kan Baba Barka da Inna Alheri sai maza suka yi ta kallon ƙasa, don kowa ya san sun kusa ajiye aiki. Sambo ya ce shi zai ɗauke su, tunda shi ne babba kuma shi zai riƙe gandu. Malamin da ya zo rabon ya ce to, wanda ya ɗauki tsofaffi shi ya kamata ya ɗauki rumbun jinya, kada a lissafa masa shi a cikin rabonsa. Kowa ya yarda. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan maganar take: saboda tsofaffin nan aka bar wa Sambo rumbun, ba saboda kyan fuskarsa ba.

Da rani ya shigo aka tashi yi wa ɗakuna sabon jinka. Mutumin da gemunsa ya yi fari fat bai kamata a ce ya hau sama ba, amma Baba Barka ya fi kowa iya ɗauri, sai aka ce ya hau. Itace ya karye da shi, ya faɗo, cinyarsa ta dama ta karye. Aka aika Goronyo aka ɗauko maɗori, wani tsoho da ya gaji sana'ar daga iyayensa. Ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure. Ya kuma sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa ya ɗora ta da tsinke, kamar yadda suke yi, ya ce a ajiye ta kusa da majinyacin, yadda ta warke haka zai warke. Aka ba shi damin farko daga rumbun jinya. Kafin ya tafi ya gargaɗe su cewa wannan ɗaurin na kumburi ne, in kumburin ya saɓe dole a aika masa da jaki ya dawo ya kwance ya sake ɗaurewa, in ba haka ba ƙashin zai haɗe a karkace. Duk wannan ba na nan aka yi shi, daga baya aka ba ni labari.

Abin da ya kai ni Marnona shi ne saƙon Sambo cewa zai yi wa mahaifinmu sadaka, za a sauke Alƙur'ani. Babanku ya ba ni izini, na hau jaki da kai Mamman a baya. Na tarar da gida cike, malamai a zaure, tukwane a kan wuta. Da aka shafa fatiha, mu mata muna daga ciki muna saurare ta bayan zana, sai muka ji Sambo ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida. Ni Sambo na 'yanta Barka da matatai Alheri don Allah, ladan shi iske Baba cikin kabarinai. Daga yau su ba bayin kowa ba na. Tuhwahin jikinsu da tukwanensu nasu na. Abin da ke cikin rumbu kau na gida na, ba shi cikin zancen."

Zaure ya ɗauki sa albarka. Wani malami har muryarsa na rawa, yana cewa ɗa na gari ke nan. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, sai da ƙwalla ta zo mini don daɗi. Maganar rumbun da ya liƙa a ƙarshe ta wuce ta gefen kunnena. Na ɗauki ƙwaryar fura na zagaya bayan gida, wurin ɗakinsu, in yi musu murna.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni. Baba Barka yana kwance a kan tabarma, ya rame har idanunsa sun faɗa, ɗaurin ƙafar ya yi sako-sako, kararen sun zame gefe guda. Inna Alheri tana zaune tana kore masa ƙuda da mafici. Na durƙusa na gaishe su, na ce barkanku da wannan rana.

"Barka da mi, Kulu?" in ji Inna Alheri. "Tun shekaranjiya munka san da ita. Tun shekaranjiya anka daina auna muna hatsi. An 'yanta mu daga tuwo, shi na kinka zo yi muna murna?"

Na tambaye ta maɗori, na ce ai ga kumburi ya saɓe.

"Na hwaɗa ma Sambo tun ƙahwar na da ɗumi. Yac ce sai an gama sadaka. Yau an gama sadaka, kin kau ji abin da anka gama."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin tabarma ta zaro wasu 'yan tsinkaye biyu da zare a jikinsu, ta ajiye a gabana. A kan juji ta tsince su da safe. Kazar da maɗori ya ɗora, wadda ya ce a ajiye kusa da majinyaci, an kama ta an yanka a cikin kajin sadaka, malamai sun ci da tuwon shinkafa. Ni ban sani ba ko warkewar kaza tana da hannu a warkewar mutum, wannan sanin maɗora ne. Abin da na sani shi ne wanda ya sa wuƙa a wuyan kazar nan ya riga ya gama shawara a kan mai ƙafar.

Baba Barka ya jira sai da matarsa ta fita ɗebo ruwa. Sa'an nan ya yi magana, a hankali, yana kallon jinka.

"Kulu, shekarar da anka haihe ki ni da ƙarhina nike. Na tara kuɗin wuri da tuƙar igiya da noman gayauna, nit tahi wurin Babanki nic ce ina son in hwanshi kaina. Yac ce mani, Barka, in ka tahi wa ka jinyarka in ka tsuhwa? Zamna. Ga rumbu nan, kana sakawa muna sakawa, ranar da kab buƙata ba ka roƙon kowa. Sai nib bi maganatai, niz zamna. Ban taɓa tsallake kaka ba. Ko shekarar da ɗiyanmu sunka mutu na saka."

Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Ni ban ƙi 'yanci ba. Na so shi lokacin da nike da ƙahwar da zan taka in tahi da shi."

Ban san sa'ad da na tashi ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Mutum ya nemi ya sayi kansa da guminsa aka hana shi, aka ce ya zauna saboda rumbu. Ya zauna, ya ba da ƙuruciyarsa, ya cika rumbun da hannunsa. Ranar da ya buƙaci rumbun sai aka miƙa masa abin da ya roƙa tun gashinsa na baƙi, aka rufe rumbu, aka kuma tara malamai su sa albarka. Mahaifina ma ban wanke shi ba. Allah Ya jiƙansa, amma da ya karɓi fansar nan tun farko da ba a zo nan ba. Shi dai ya yi alkawari yana nufin cikawa. Sambo kuwa ya samo hanyar da zai karya alkawarin a kuma yabe shi.

Na same shi a turakarsa bayan baƙi sun ragu, yana kishingiɗe yana sakace haƙori.

"Yaya, yaushe za a aika ma maɗori?"

"Wa za shi aika? Barka ɗa na yanzu, awa ni awa ke. In yana son maɗori shi aika."

"Da mi za shi biya?"

"Wanga kuma ba ni ka sani ba. Kulu, ke kina Rabah, ba ki san bakunan da Baba yab bar mani ba. Hatsin bana bai yi auki ba. Maɗorin ga zuwa guda dami guda, kuma ƙashin tsoho ba shi ɗoruwa, kowa ya sani. In zuba hatsi ga ƙahwar da ba ta sake shiga gona, in bar masu shiga da yunwa?"

"Hatsin wa? Rabin abin da ke rumbun ga da wuyanai yad ɗauko shi."

"Abin bawa na ubangijinai na. Tambayi malam."

Na kuwa tambaya. Washegari na sa aka yi mini iso wurin malamin da ya raba mana gado, na zauna daga bayan asabari na zayyana masa komai. Bai yi mini tsawa ba, mutum ne mai sanyi, kuma na ji a muryarsa abin bai yi masa daɗi ba. Amma ya ce 'yantawa ta tabbata tunda an furta a gaban shaidu, ba a mayar da ita. Ya ce Sambo ya ware rumbu da bakinsa a lokacin furtawar, saboda haka babu inda za a kama shi. Ya ce wanda aka 'yanta in ya gajiya, nauyinsa ya koma kan jama'ar Musulmi, akwai baitulmali, akwai zakka.

"Allah shi gahwarta malam," na ce, "jama'ar Musulmi ba su na sunka cika zaurenmu jiya ba? Ban ga wanda yal leƙa ɗakin tsohon ga ba."

Sai ya sallame ni. Game da zakka kuwa, ban ce ba a rabawa ba. Ana rabawa a Wurno, ga wanda zai iya zuwa ya tsaya a ƙofa ya jira a san da shi. Mai karyayyar cinya ba ya zuwa, tsohuwar da ke jinyarsa ba ta barinsa, ƙashi kuma ba ya jiran kowa. Kowace safiya da ta waye yana ƙara haɗewa a karkace. A kan hanyar komowa gida na gane cewa kowa ya ɗauke nauyin ya ɗora wa wani wanda ba ya wurin, kuma duk sun yi haka ba tare da sun saɓa wa littafi ba.

Na san abin da Sambo yake so. Tun ranar rabo idonsa yake kan yankina, saboda yankin ya raba masa gona biyu, kuma rijiyar da ta fi ruwa a cikinsa take. Na koma na same shi a gaban ƙannenmu maza, don kada a ce daga baya ba a ji ba.

"Yaya, ɗauki hwadamata. Ba ni rumbun jinya da duk abin da ke ciki, da jakkan da za su kai mani shi Rabah, da jaki guda yau yau shi tahi Goronyo."

Ya tashi zaune. Ya san farashin abin da nake bayarwa ya ninka abin da nake karɓa, har sai da kunya ta ɗan kama shi.

"Kin yi shawara da maigidanki?"

"Gadona na. Ka karɓa ko ba ka karɓa?"

Ya karɓa. Ko sallar la'asar ba a yi ba aka kira shaidu.

Da maɗori ya iso ya kwance ɗaurin, ya bi cinyar da yatsunsa, sai ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi kazarsa. Inna Alheri ta miƙa masa tsinkayen nan biyu. Ya juya su a tafin hannunsa, ya sa su a aljihu.

"Da kun kira ni lokacin da nic ce, da tsohon ga ya taka awa kowa," in ji shi. "Yanzu ƙashi ya kama a karkace. In an bar shi haka, ba shi sake tsayawa. In kau ana son shi tsaya, sai na sake karya shi in ɗora. Ga mai shekarunai ban yi maku alkawali shina tashi ba."

Baba Barka ya juyo da kansa ya dube ni, yana jiran in faɗi abin da za a yi. Haka ya saba tun yana saurayi, sai wani daga gidanmu ya ce a yi ko a bari. Wannan kallon ya fi komai ƙona mini rai.

"Baba, kada ka dube ni," na ce. "Ƙahwarka ta. Hatsin da za a biya kuma naka na, kai kas saka shi."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Sa'an nan ya ce, "To tunda tawa ta, a karya ta a gyara."

Aka fitar da mu mata. Ina riƙe da hannun Inna Alheri a bayan ɗaki muka ji ƙarar, da nishi guda ɗaya, ba ƙari. Ta durƙushe a ƙasa, bakin nan nata da ba ya mutuwa ya mutu. Na zauna a Marnona ina jinya tare da ita, a gidan ubana, ina cin abincin da na auna daga rumbuna, don matar Sambo ta daina aiko mini da tuwo. Maɗori ya yi ta zuwa yana komawa, kowane zuwa a sauke masa daminsa. Zazzaɓi ya kama tsohon har muka fid da rai, wanzami ya zo, mai saiwoyi ya zo, duk daga rumbun aka sallame su, babu wanda muka roƙa. Kafin ruwan farko ya sauka ya dafa sanda ya tsaya. Ƙafar ta gajarce, yana tafiya yana jan ta, kuma haka ya ja ta har ya mutu. Wannan ɗingishin ba faɗuwa daga jinka ce ta jawo shi ba, jinkirin Sambo ne.

Babanku ya zo ɗaukata da kansa. Ya riga ya ji labari a kasuwa. Bai yi faɗa ba, kun san halinsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ke da ɗiyanki kinka yi ma wanga aiki, ba ni ba." Ya yi gaskiya, kuma ga shi kuna biya har yau. Ya ɗauke mini fuska har aka yi shuka aka yi noman farko. Amma da muka iso Rabah da tsofaffi biyu da jakai ɗauke da damma, shi ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa ya gina rumbun da ke bayan ɗakina, shi ya yi musu ɗaki kusa da shi, ya kuma yanka wa Baba Barka ɗan fili a bakin gonarsa. Allah Ya haskaka kabarinsa.

A Marnona kuwa, da kaka ta zagayo, samarin bayin gandun ba wanda ya kawo dami. Sambo ya gina sabon rumbu ya yi ta faɗa, suka ce gara ta cinye musu gayauna. Sun ga abin da aka yi wa wanda ya fi su daɗewa yana sakawa, wa zai sake sakawa? Daga shekarar nan al'adar ta mutu a gidan ubana, wanda ya kwanta ciwo sai abin da hannunsa ya riƙe. Kada ku zaci zan ce muku Sambo ya ga sakayya a duniya. Bai gani ba. Albasa ta karɓe shi, ya yi dukiya, ya tsufa a kan shimfiɗa mai laushi da 'ya'ya kewaye da shi. Ranar jana'izarsa ina ji da kunnena ana cewa ga mutumin da ya 'yanta bayi biyu rana ɗaya don ubansa. Na ja mayafina na rufe bakina, don gawa ce a gabanmu. Hisabinsa yana wurin Wanda ba a ware Masa rumbu a ƙarshen magana.

Kakar farko a Rabah, ina tsakar gida ina sussuka, sai na ji jan ƙafa da bugun sanda. Baba Barka ne, da ɗan dami a kafaɗa, na geron da shi da Inna Alheri suka noma a zaune, suna jan gindi daga kunya zuwa kunya. Ya nufi rumbu.

"Baba, ina za ka da shi? Kai ka gama biya tun ba a haihe ni ba."

"Wancan an ce in saka na, nis saka," in ji shi. "Wanga ni nig ga dama."

Ya ƙi a karɓa masa. Sai da babanku ya kawo tsani ya hau, shi kuma ya miƙa masa da hannunsa. Ganin haka babanku ya shiga ya ɗauko nasa, ni ma na ɗauko nawa. Maƙwabta suka ji, wata shekara su ma suka fara kawowa. Daga wannan rumbun aka yi jinyar Inna Alheri da idonta ya rufe, daga nan aka yi ta Baba Barka, daga nan aka sallami wanzamin da ya yi maka kaciya, Mamman, da mai maganin da ya tashe ka daga ƙyanda, ko da yake ba ka tambayi inda aka samo ba.

Na ji kuna shawarar in na mutu za ku buɗe shi ku raba, tunda a cewarku shi kaɗai ne abin da ya rage na fadamar. Ba gado ba ne. Na riga na kira liman da dattawan unguwa na faɗa a gabansu, na kuma lura ban bar wata ƙofa a ƙarshen maganata ba, don na ga yadda ake yi. Wanda ya saka zai ci in ya kwanta, ɗa ne ko bawa ko wanda aka 'yanta, kuma babu mai furta wata kalma a zaure da za ta fitar da shi. Wanda ya sa hannu ya raba shi a cikinku, ban yafe ba.

Gobe wanzami zai zo ya yi mini ƙaho a gwiwar nan. Na ga yadda kuke kallon juna jiya da aka ambaci zuwansa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ce shi zai biya. Ku kwantar da hankalinku. Ka kawo tsani kawai, Mamman, ka sauko masa da dami ɗaya. Ni ma na saka nawa.